Harshe da Amana a Aikin Jin Daɗin Jama'a: Ƙalubale ga Masu Nazarin Hausa

Gabatarwa

A takardar da jami'in jin daɗin jama'a ke cikewa idan matar aure ta kawo kuka ofishinsa, akwai gurbin da aka tanada domin sunan miji. Sau da yawa a wannan ɗan gurbi hira ke fara cijewa. Jami'i ya tambaya, matar ta sunkuyar da kai ta ce "maigidan" ko "baban yaran". Ya sake tambaya da ɗan ɗaga murya, ita kuma ta waiwayi wadda ta rako ta domin ta faɗa a madadinta. Jami'in da ya san al'adar alkunya zai gane cewa matar tana bin tarbiyyar da ta tashi a cikinta ne. Wanda bai sani ba, ko ya sani amma ya ajiye saninsa a gida saboda ya zo ofis, sai ya rubuta a rahotonsa cewa ba ta ba da haɗin kai ba. Irin wannan rahoto yana iya kaiwa gaban alƙali, kuma yana iya yin tasiri a kan hukuncin wanda zai riƙe 'ya'ya.

Ra'ayin da ake karewa a nan shi ne, dangantakar da ke tsakanin jami'in jin daɗin jama'a da wanda yake yi wa aiki da harshe ake gina ta, kuma a ƙasar Hausa an bar wannan gini a hannun dace. Ana koyar da jami'ai da Ingilishi a Nijeriya, da Faransanci a Nijar, sannan a tura su su yi aiki da Hausa ba tare da an taɓa zaunar da su an nazarci yadda Bahaushe ke faɗin damuwarsa ba. Cike wannan giɓi aiki ne da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan masu koyar da aikin kansa.

Asalin Aikin da Rigar da Ya Zo da Ita

Aikin jin daɗin jama'a na hukuma ya fara kafuwa a Nijeriya ne a Legas, a farkon shekarun 1940, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa Donald Faulkner kula da yaran da ke gararamba a titi. Daga nan aka samu dokar yara da matasa ta 1943, wadda Jihar Arewa ta yi irin tata a 1958. Ke nan tun daga tushe aikin ya zo ne a haɗe da kotu da gidan horon kangararrun yara. Ga talakan da ya ga jami'i riƙe da alƙalami da littafin rajista, hukuma ce ta zo, kuma ba a daɗe da rabuwa da zamanin da rubuta sunan magidanci ke nufin haraji ba, domin sai a 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Kafin jami'i ya buɗe baki, rigar da ya gada ta riga ta yi magana a madadinsa. Shi ya sa dattijon da ya haifi kamarsa zai durƙusa ya ce masa "ranka ya daɗe", sannan ya ɓoye masa rabin labarin.

Littattafan da ake koyar da aikin da su sun san muhimmancin dangantaka. Felix Biestek, a littafinsa na 1957 mai suna The Casework Relationship, ya jera ƙa'idoji bakwai: ɗaukar kowane mutum a matsayin shi kaɗai, ba shi damar fitar da abin da ke ransa, tausaya masa ba tare da tausayin ya rinjayi hankali ba, karɓarsa yadda yake, ƙin yanke masa hukunci, barinsa ya zaɓa wa kansa, da kuma riƙe sirrinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai zama baƙo ga Bahaushe. Wanda ya duba siffofi goma na mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a laccarsa da aka buga a 1974, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci, zai ga cewa manufofin sun yi kusa da juna ƙwarai. Inda aka rabu shi ne hanyar nuna su. Littafi ya ce a girmama mutum, amma bai faɗi da wane wakilin suna za a yi masa magana a Gumel ko a Maraɗi ba.

Sunan Wanda Ake Yi wa Aiki

Matsalar ta fara ne daga suna. Kalmar da Ingilishi ke kiran wanda jami'i ke yi wa aiki da ita, ita ce lauya ke kiran wanda yake karewa da ita, kuma asalinta daga Latin ne, inda take nufin talakan da ya raɓu da wani babba domin samun kariya. A Hausa wannan shi ne bara, kuma M. G. Smith ya yi dogon bayani a kan barantaka a nazarinsa na sarautar Zazzau na 1960. Babu jami'in da zai yarda ya kira mutanensa barorinsa. To, me zai kira su? Masu fassara sukan ce "abokin ciniki", alhali ba a sayar da komai. Wasu sukan ce "mai ƙara", su mayar da ofishin kotu. Ƙungiyoyin agaji sun fi son "mai cin gajiya", wanda ke nuna mutum a zaune hannu a buɗe. "Mabuƙaci" yana da ƙanshin bara da roƙo, "majinyaci" kuwa na asibiti ne. Kowace kalma daga ciki tana zaunar da mutanen biyu a wani matsayi tun kafin su gaisa.

"Mai lalura" ya fi sauran dacewa, saboda lalura aba ce da ke samun kowa, mai kuɗi da talaka, kuma tana wucewa. Kalmar ba ta mayar da halin da mutum ya shiga ya zama shi ne sunansa na har abada ba. Da ita za a ci gaba a wannan rubutu. Amma zaɓin kalma irin wannan bai kamata ya tsaya a ra'ayin mutum ɗaya ba, kuma rashin matsaya a kanta har yau shaida ce ta yadda aka yi sakaci da fannin.

Gaisuwa da Kallo da Wurin Zama

Jami'in da aka koya wa tattalin lokaci yakan ɗauki gaisuwa a matsayin ƙofar da ake wucewa da sauri domin a shiga magana. A wajen Bahaushe, a cikin gaisuwar ake auna mutum. Ana tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki da sanyi ko zafi, kuma a lokacin ne mai lalura ke karantar fuskar jami'i da sautin muryarsa ya yanke wa kansa ko wannan mutum ne da za a buɗe wa ciki. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji masu iya magana. Haka kuma amsar gaisuwa ba bayani ba ce. Wanda aka tambaya "yaya gida?" zai ce "lafiya lau" ko da ya baro gidan ba a ɗora tukunya ba kwana biyu. Maganar gaskiya tana zuwa ne bayan an yi ɗan shiru an sake sabuwar gaisuwa, ko kuma a bakin ƙofa lokacin rakiya, da kalmar "af, na manta". Jami'in da ya rufe littafinsa ya miƙe da zarar ya ji "lafiya lau" ya tafi da ɓawo ya bar ƙwaya.

Wajen kira ma akwai abin lura. "Ke!" da "Kai!" kira ne na raini idan babba ake nufi. Hausa ta tanadi Malam da Malama da Hajiya da Baba da Inna da Gwaggo, ta kuma tanadi sigar da ba ta nuna mai aiki ba, irin "an zo lafiya?" ko "yaya aka ji da jiki?", wadda ke ba mutum damar amsawa ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Wannan siga tana da amfani matuƙa wajen tambayar abin kunya. "An taɓa samun irin wannan a baya?" ya fi sauƙin amsawa a kan "ya taɓa dukan ki?", ko da yake daga baya dole a zo ga tambayar kai tsaye.

Gerard Egan, a littafinsa The Skilled Helper na 1975, ya shawarci mai taimako ya fuskanci mutum sosai, ya ɗan karkata zuwa gare shi, ya riƙa haɗa ido da shi. Ɗalibai suna haddace wannan su rubuta a jarrabawa. Amma yarinyar da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ba ta zuba wa babba ido, kuma namiji baƙo da ya karkato ya ƙura wa matar aure ido ya riga ya ɓata aikinsa. Sunkuyar da kai a nan ladabi ne, alhali a ma'aunin littafin ana iya karanta shi a matsayin alamar ƙarya ko ɓoye wani abu. Zama gefe da gefe a tabarma ɗaya, ana kallon wuri guda, ya fi buɗe bakin mutane a kan zama fuska da fuska da tebur a tsakani. Sannan akwai gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu, inda iyakar jami'i namiji zaure, kuma labarin da zai samu a zaure na maigida ne kawai.

Sakaya Zance da Ma'anar Shiru

Mafi yawan abubuwan da ke kai mutum ofishin jin daɗin jama'a abubuwa ne da Hausa ba ta kiran su da sunansu a gaban mutane. Uwa za ta ce "an ɓata yarinyar". Matar aure za ta ce "ba ya ba ni haƙƙina", kuma wannan jimla tana iya nufin ci da sha da sutura, tana iya nufin kwanciyar aure, tana iya haɗa duka. "Ciwon zuciya" yana iya zama cutar da likita zai auna, yana iya zama baƙin cikin da ya daɗe yana cin mutum. "Hankalina ya tashi" da "raina ya ɓaci" da "abin ya tsaya mini a rai" ba daraja ɗaya suke ba. Jami'in da bai iya warware sakaya cikin ladabi ba, ɗayan biyu ne: ko ya tilasta wa mutum furta kalmar da za ta sa ya kasa dawowa, ko ya yi zato ya rubuta abin da ba a faɗa ba.

Kalmar "to" ita kaɗai ta isa a yi mata kundin digiri. Akwai "to" ta amincewa, akwai ta "na ji", akwai ta wanda ya gaji yake so a ƙyale shi, kuma karin sauti da tsawon wasali ne ke rarrabe su. "Sai na yi shawara" sau da yawa ƙi ne cikin mutunci. "Ba komai" takan fito daga bakin wanda komai ya dame shi. Shiru ma magana ce, amma ba magana ɗaya yake yi ba. A fiƙihun aure an ɗauki shirun budurwa a matsayin izininta, kuma wannan fahimta ta ratsa al'ada. Haɗari ne babba jami'i ya ɗauko ta ya shigar da ita aikinsa, ya ɗauki shirun yarinyar da ke zaune a gaban mahaifinta ko mijinta a matsayin yarda da shawarar da aka yanke a kanta. A wannan aiki, yarda sai an furta ta, kuma a wurin da mai furtawa ba ya tsoron kowa.

Amana da Rufin Asiri

A nan ne ya kamata a yi hattara da ɗokin al'ada. Riƙe sirri da Biestek ya ambata yana kare mai lalura ne. Rufin asiri kuwa, yadda ake yawan amfani da shi, yana kare sunan gida. Sau da yawa biyun suna tafiya tare, amma akwai ranar da suke rabuwa. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe kuma wanda ya aikata ɗan gida ne ko maƙwabci mai faɗa a ji, abin da dangi za su fara roƙon jami'i shi ne a rufa asiri, a yi sulhu, a yi haƙuri. Kalmomin duk masu kyau ne, kuma da su ake danne wadda aka zalunta. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, a jihohin da suka amince da su, ba su bar wa jami'i damar mayar da irin wannan laifi zancen cikin gida ba.

Saboda haka sanin al'adun magana na Hausa ba yana nufin miƙa wuya gare su ba. Jami'in da ya san nauyin kalmar haƙuri shi ne zai gane lokacin da take warkarwa da lokacin da take rufe baki. Shi ne kuma zai iya amfani da kalmar amana, wadda ta fi kowace ƙarfi a wannan fage, ya tunatar da dangi cewa yarinyar ma amana ce a hannunsu. Wajibi ne kuma ya faɗi iyakar sirri tun a zaman farko, da Hausa mai sauƙi: abin da aka faɗa masa zai tsaya a wurinsa, sai fa idan rai ko lafiyar wani na cikin haɗari. Wanda ya yi alƙawarin rufe komai sannan ya kai rahoto, ya ci amana a idon unguwa gaba ɗaya, kuma jami'in da zai zo bayansa ma ba za a buɗe masa ƙofa ba.

Tarihin kusa ya nuna tsadar rasa amana. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa tunawa lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003, ba a kuma dawo da shi ba sai a tsakiyar 2004. Abin da ya gyara lamarin a hankali ya haɗa da shigar sarakuna da malamai, da kuma matan unguwa da aka ɗauka suna shiga gida gida suna magana da 'yan'uwansu mata da harshen da suka saba, har aka kai ga tabbatar da kawar da cutar a 2020. Darasin ya shafi aikin jin daɗin jama'a kai tsaye: saƙo ɗaya ne, bakin da ya faɗe shi ne ya canza.

Hujjojin Masu Saɓani

Za a iya cewa jami'an ai Hausawa ne, ko sun tashi cikin Hausawa, don haka ba su buƙatar a koya musu harshensu. Amsa ita ce, iya magana daban, sanin abin da magana ke aikatawa daban. Ba don haka ba, da ba a buɗe sassan Hausa a jami'o'in ƙasar Hausa ba. Ƙari a kan haka, shekarun karatu da Ingilishi suna koya wa ɗalibi cewa ƙwarewa tana cikin wancan harshe, Hausa kuwa ta hira ce. Sai ya yi hira da Hausa, ya rubuta rahoto da Ingilishi, kuma a tsakanin biyun "ba ya ba ni haƙƙina" ta koma kalma guda wadda shi ya zaɓa.

Za a iya cewa kuma babu lokaci, jami'i ɗaya ne a kan mutane masu yawa, ga ƙarancin abin hawa da kayan aiki. Wannan gaskiya ne, kuma ba a raina shi ba. Sai dai minti biyar na gaisuwa bai kai tsadar ziyara uku da aka yi ba a samu gaskiyar magana ba.

Hujja ta uku ta fi nauyi. Idan jami'i ya zama "ɗana" ko "'yar'uwa", ina iyakar aiki take? Wanda ya kira ka ɗansa zai ba ka goro ko ƙwai, kuma zai sa ran ka tsaya masa ko da shi ne marar gaskiya. Ƙin shan ruwan da aka kawo wa baƙo cin fuska ne, karɓar kaza kuwa ya fara kama da toshiyar baki. Babu ƙa'idar da aka rubuta a Landan da za ta raba wannan gardama. Sai an zauna an bambance karamci da tukuici da gaisuwar neman alfarma, da sunayensu na Hausa, an koya wa ɗalibi yadda ake mayar da kyauta ba tare da an kunyata mai ita ba. Wannan hujja, in an duba, tana ƙarfafa buƙatar nazarin ne.

Akwai kuma gargaɗi ga masu kishin Hausa su kansu. A sansanonin 'yan gudun hijira na Borno, ma'aikata da yawa suna amfani da Hausa a matsayin harshen gama gari, alhali mata da tsofaffi da dama Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Margi suka fi ji. Hausa tana iya yi wa waɗannan abin da Ingilishi ke yi wa Bahaushe. Ƙa'idar ita ce a yi wa mutum magana da harshen da yake kuka da shi, kuma kada a sa ɗansa ko mijinta ya zama tafinta a maganar da ta shafe su.

Nauyin da ke Kan Sassan Hausa

Ma'anar aikin da ƙungiyoyin duniya na wannan fanni suka amince da ita a Melbon a 2014 ta ambaci ilimin gargajiya na al'ummomi a cikin tushen aikin. A Nijeriya kuma an sa hannu a dokar kafa majalisar kula da aikin a ƙarshen 2022, wadda za ta tsara horo da rajistar ma'aikata. Ƙofa a buɗe take, saura a shiga da abin hannu.

Abu na farko shi ne ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin fannin. An yi irin wannan aiki ga nazarin harshe da adabi a ƙamusun da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta nuna da Ƙamusun Hausa na 2006 cewa akwai ƙarfin yin babban aiki. Amma wannan ƙamus ba a ofis za a ƙirƙire shi ba. Sai an bi tsofaffin jami'ai da ungozomomi da masu unguwanni an ji kalmomin da suke aiki da su, an kuma lura da bambancin Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci da Hausar Damagaram. Na biyu, kwas na musamman a kan sadarwa da Hausa ga ɗaliban aikin jin daɗin jama'a, wanda malaman walwalar harshe da na al'ada za su koyar tare da malaman fannin. Na uku, bincike a kan ainihin hirarrakin da ake yi a ofisoshi da zaurukan sulhu, da izinin masu su da ɓoye sunayensu, domin a daina dogaro da misalan da aka ƙaga. Na huɗu, a nemi hukumomi su tanadi gurbi a takardar rahoto inda za a rubuta maganar mai lalura da Hausarsa, kalma da kalma, kafin fassarar jami'i.

Kammalawa

An yi kundaye masu yawa a kan karin magana da habaici da sunayen alkunya, kuma mafi yawansu suna kan kanta a ɗakunan karatu. Ilimin da ke cikinsu shi ne jami'in jin daɗin jama'a ke buƙata gobe da safe, lokacin da wata mata za ta zauna a gabansa ta kasa faɗin sunan mijinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba zai nuna wa wanda bai iya sallama ba. Idan masu nazarin Hausa ba su kai wannan ilimi inda ake yanke hukunci a kan aure da riƙon 'ya'ya da mutuncin yara ba, za a ci gaba da yanke shi a kan fassarar da babu wanda ya duba ta.